Shimfiɗar Haihuwa: Kayan da Ake Mantawa Sai Naƙuda Ta Tashi

Idan cikin macce ya shiga wata bakwai, kowa ya san abin da ake fara tarawa a gida: itacen wanka, kanwa, yaji, geron kunu, turaren wuta, ƴan rigunan jariri da hula. Wasu har atamfar fitar suna sun riga sun kai wa tela. Amma ku tambayi mai cikin, ko uwar mijinta, bisa me za ta durƙusa in haihuwa ta zo a gida. Yawanci amsar ita ce, "Ai ba za a rasa ba." Sai dare ya raba, naƙuda ta kankama, a shiga lalube cikin duhu: a jawo tsohuwar tabarma, ko buhu, ko tsummokaran da aka daɗe da jefawa bayan gado. Wani gidan ma sai a share rairayin tsakar ɗaki kawai, a ce bisimilla.

Wannan shimfiɗa da muke rainawa aiki uku take yi. Tana raba uwa da jariri da dauɗar ƙasa. Tana kare ɗaki da mutanen gida daga jini. Na ukun shi ne wanda ba mu cika lura da shi ba: ita ce ke nuna wa ungozoma yawan jinin da macce ta zubar, tun lokaci bai ƙure ba.

Likita ce farko, amma naƙuda ba ta sallama

Wuri mafi aminci ga haihuwa shi ne CSI ko matarniti, a hannun sajfam. Can ne ake da allurar tsayar da jini, da ƙarin ruwa, da hanyar tura macce babban asibiti in abin ya gagara. Akwai kuma matan da bai kamata ko kusa su yi niyyar haihuwa a gida ba: mai cikin fari, yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, mai ɗauke da tagwaye, wadda ta haihu sau biyar ko fiye, mai hawan jini ko ƙarancin jini, da wadda ta taɓa zubar da jini sosai a haihuwar baya. Waɗannan tun wajen awo ya kamata a tsara yadda za su isa likita da wuri.

To amma mun san ƙasarmu. Akwai garin da tsakaninsa da likita sai an yi tafiyar awoyi a amalanke. Da damina gulbi ko ƙorama kan cika su raba gari da hanya. Akwai kuma haihuwar da ke zuwa da sauri, kafin maigida ya samo kabu-kabu har an ji kukan jariri. A irin wannan hali ungozomar gari ko ma'aikaciyar lafiya ta kusa ita ake kira. Komai ƙwarewarta, da abin da ta tarar a ɗakin za ta yi aiki. Shi ya sa ko wadda ta ƙudura haihuwa a likita ya kamata ta tanadi shimfiɗarta. In an kai likita lafiya, kayan su bi ta can, ba a yi asara ba. In kuma haihuwa ta zo a hanya, sai a shimfiɗa su cikin amalanken ko motar.

Abin da ke cikin ƙasa

Ɗaki ko an share shi sau uku a yini, ƙasarsa ƙasa ce. Mun shiga da takalmi, kaji sun shiga, ɗan akuya ya leƙa, yara sun yi wasa. Ƙwayar cutar tetanos, wadda wasu ke kira sarƙe-haƙora, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma tana iya daɗewa shekaru ba ta mutu ba. Ƙofar shigarta jikin jariri ita ce ɗanyar cibiya. Jaririn zai kama nono lafiya lau kwana biyu na farko, sannan tsakanin kwana 3 zuwa 14 ya kasa tsotso, bakinsa ya ƙulle, jikinsa ya riƙa sanƙarewa. Da yawa cikin waɗanda ta kama ba sa tashi. Mu kan ce iska ce ko mayu, alhali daga inda cibiyar ta taɓa ne, ko daga abin da aka yanke ta da shi. Allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki wajen awo ita ce babbar kariya, tsabtar wurin haihuwa kuma ita ce ta biyu.

Uwar ma a buɗe jikinta yake a wannan lokaci. Ƙazanta in ta shiga, bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, ciwon mara da jini mai wari. Wannan zazzaɓin jego yana kisa, wadda ta tsira kuma wani lokaci yakan bar ta da matsalar samun wani ciki.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera tsabta shida ga kowace haihuwa: hannun mai karɓar haihuwa, gaban mai haihuwa, wurin da za ta haihu a kai, abin yanke cibiya, zaren ɗaure ta, da yadda ake kula da cibiyar har ta faɗi. Kun ga shimfiɗa tana cikin shidan nan, kafaɗa da kafaɗa da reza da sabulu.

Rairayi yana shanye jini, yana ɓoye labari

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Ma'aunin da likitoci suka daɗe suna aiki da shi shi ne rabin lita: in jinin da ya zuba cikin awa 24 bayan haihuwa ya kai haka, an shiga haɗari. Rabin lita kuwa ledar piya wata ɗaya ce tak. Ku ɗauki leda ɗaya ku tsiyaye ta bisa rairayi ku gani. Kafin ki juya ta shanye, sai ɗan danshi kamar faɗin faifai. Haka jinin macce ke ɓacewa a ɗakin da ba shimfiɗa. A zuba toka ko ƙasa a rufe, wani ya zubo, a sake rufewa. Kowa na ta murna da jariri, ana cewa ai jinin biƙi ne, gara ya fita. Sai an ga ta fara hamma, gumi mai sanyi ya keto mata, tana cewa duhu take gani, sannan hankali ya tashi. Jini mai ƙarfi yana iya ɗauke macce cikin awa biyu. Ga wadda dama jininta kaɗan ne, kamar yadda da yawanmu muke lokacin ciki, abin da bai kai rabin lita ba ma yana iya kayar da ita.

Masana sun tabbatar cewa ganin jinin da wuri shi ne rabin magani. A shekarar 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, har da masana na Jami'ar Bayero ta Kano a cikin masu aikin. Wata leda suka riƙa shimfiɗa wa macce bayan ta sauka, mai aljihu a ƙasa da zanen ma'auni, jinin na taruwa ana karanta yawansa. Da ya kai iyaka sai a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba jira. Zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da yake jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Wannan a asibiti ke nan. A karkara kuma, tun kafin nan, ungozomomin gargajiya na yankin Kigoma a Tanzaniya sun yi aiki da zanen da matansu ke ɗaurawa, wanda suke kira kanga. An gwada an ga idan kanga biyu suka jiƙe sharkaf, jinin ya kai rabin lita. Sai ya zama ungozomar da ba ta iya karatu ba ma tana da ma'auni a hannunta: zane na biyu ya jiƙe, a nemi taimako.

Mu ma za mu iya yin irin wannan. Zannuwanmu ba kaurinsu ɗaya ba, don haka ku gwada da kanku. Ranar zubi ku zo da tsofaffin zannuwa irin waɗanda za ku ajiye, ku shimfiɗa leda, ku ninke zane a kai, ku zuba piya wata ɗaya ku ga zane nawa ya jiƙa. Jini ya fi ruwa kauri, amma idonku zai riƙe misalin. In da hali ku gayyaci sajfam ta CSI ɗinku a yi gwajin gabanta, ta gyara muku.

Dalilin gaggawar kuwa shi ne maganin yana nan kusa. A nan Nijar an bi wani tsari a likitocin ƙasa: ƙwayar misoprostol, da balan-balan da ake sawa cikin mahaifa ya danne inda ke zuba, da wata riga mai matse jiki da ke riƙe macce har a kai ta inda za a ƙara mata jini. Rahoton da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini a likitocinmu ta ragu da fiye da rabi. Amma duk waɗannan sai wadda aka kai da sauran numfashi suke wa amfani.

Kayan da za a tanada

Leda sabuwa mai kauri, wadda ba ta taɓa aiki ba. Ta kayan haihuwa da ake rabawa takan kai mita ɗaya kowane gefe. In za ku yanko a kasuwa, ku sa a yi mita biyu, don mai naƙuda tana juyi, tana durƙuso, tana tashi. Ku zaɓi fara ko mai haske. Baƙar leda tana ɓoye jini, kuma ba ta bari a ga launin ruwan faya, alhali in ruwan ya fito kore ko ruwan ƙasa alama ce jariri na wahala a ciki. In za a samu biyu ya fi: ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta katifa.

Zannuwan auduga huɗu zuwa shida. Tsofaffi sun fi shan ruwa, amma tsufa daban, dauɗa daban. A wanke su da sabulu, a shanya bisa igiya cikin rana, ban da ƙasa ko dangar gida, a goge in akwai dutsen guga, a ninke. A ware biyu masu laushi na jariri: ɗaya na tsane shi, ɗaya na rufe shi.

Sai sabulu sabo, reza sabuwa cikin takardarta, zare mai tsabta da aka tafasa, safar hannu aƙalla ƙafa biyu, roba mai faɗi ta mabiyiya, bokiti, kwalbar jabel, da cocila mai sabon batir ko fitila mai caji. Ungozoma ba ta iya auna abin da ba ta gani.

Akwai abubuwan da ba a shimfiɗa wa mai haihuwa komai ƙurewa: buhun takin zamani, buhu ko ledar da ta taɓa maganin ƙwari, takardar siminti, tamfol ɗin da ake shanyar tattasai ko albasa, fatar dabba, da tabarmar da yara ke fitsari a kai.

A haɗa duka cikin leda ko jaka mai rufi, a rataye sama inda ɓera, gara da yara ba za su kai ba. Leda abin wasa ce a wurin yaro, kuma tana iya toshe masa numfashi. Mutum biyu aƙalla su san inda jakar take. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, jakar ta bi ta, kar a bar ta a ɗakin miji.

Yadda ake shimfiɗawa

Da naƙuda ta fara, a fitar da tarkace, a share ɗaki tun da wuri don ƙura ta kwanta. In ƙasa ce ko rairayi, a ɗan yayyafa ruwa kafin shara. In siminti ne ko ledar tsakar ɗaki, a goge da ruwa da sabulu a bari ya bushe. Takalma su tsaya a bakin ƙofa, masu shiga su zama kaɗan.

Hawa uku ake yi. Tabarma mai tsabta a ƙasa, don gwiwa ta samu sauƙi kuma tsakuwa kar ta huda leda. Leda a bisa tabarma, a ɗan naɗe bakinta ko a tura tsumma ƙarƙashin gefunanta su tashi kamar bakin tire, yadda ruwa ba zai gangara ba. Sannan zane a bisa leda. Kar a bar macce kan leda tsirara: tana da santsi in ta jiƙe, tana da zafi da bazara, da sanyi lokacin hunturu.

Ga wani abu da ake yawan kuskurewa. Ruwan faya da na haihuwa sukan jiƙa zanen farko. Da jariri ya fito, a janye wannan a sa busasshe ƙarƙashin uwar. Daga wannan busasshen ne ake fara lissafin jini. Duk wanda ya jiƙe a ajiye shi gefe cikin roba, kar a wanke, kar a jefar, sai ungozoma ta ƙirga. In tafiya likita ta kama, a tafi da su a nuna wa sajfam. Sun fi bakin kowa iya bayani.

Jariri kuma ba a ajiye shi bisa leda ko ƙasa. Sanyi na kama shi nan da nan ko da a watan zafi ne. A tsane shi da zane, a ɗora shi bisa ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, a ba shi nono cikin awar farko. Tsotson nan yana taimaka wa mahaifa ta tsuke. Wankan jariri ya jira sai bayan awa 24. Cibiya kuma ba toka, ba kashin shanu, ba man shafawa, sai abin da likita ta bayar.

Katifar soso in ta sha jini ba ta wankuwa har ciki, sai wari da ƙudaje. Tun wata takwas a sa mata leda ƙarƙashin zanen gado, tunda faya na iya fashewa cikin barci. A bar ta nan har a yi arba'in.

Alamun da ba a jira da su: zane ya jiƙe cikin ƙasa da minti biyar, ko jini na ta tsiyaya ba ya tsayawa; ciki ya yi laushi maimakon ya dunƙule ya yi tauri; mabiyiya ba ta faɗo ba har awa ɗaya; naƙuda ta wuce awa 12; hannu, ƙafa ko cibiya ta riga fitowa; jijjiga, ciwon kai mai tsanani ko suma. Ko ɗaya aka gani, a kama hanya. Ko an sauka lafiya ma, a kai uwa da jariri a duba su cikin awa 24.

Gyaran ɗaki bayan an sauka

Yawanci wata tsohuwa ko ƙanwa ake bar wa wannan aiki, ta yi shi da hannu tsirara. Jini na iya ɗauke da ciwon hanta ko sida ba tare da mai shi ta sani ba, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini. Hannunmu kuwa ba ya rabo da kaushi da yankan wuƙa. Don haka mai gyara ta sa safar hannu. In babu, ta zura hannuwanta cikin leda mai kyau ta ɗaure a wuyan hannu.

Mabiyiya a sa ta cikin roba, ungozoma ta duba ta tabbatar ta fito duka, don guntun da ya saura a ciki yana jawo jini da zazzaɓi. Bayan nan a binne ta yadda aka saba, a rami mai zurfi da kare ba zai tone ba, nesa da rijiya.

Haɗin jabel ya danganta da ƙarfin da aka rubuta a kwalbar. Mai digiri 8, ma'auni ɗaya a ruwa huɗu. Mai digiri 12, ɗaya a ruwa shida. Mai kashi 5 cikin 100, ɗaya a ruwa tara. Inda jini ya taɓa siminti, a fara kwashe shi da tsumma, a wanke da sabulu, sannan a zuba haɗin a bar shi minti goma kafin a goge. Kullum sabo ake haɗawa, ba a gauraya shi da wani maganin wanki, kuma ba ya taɓa jikin uwa ko na jariri. In ƙasa ce ta jiƙe, a kankare wurin da hauya, a binne abin da aka kwashe, a cike da sabon rairayi.

Zannuwa a fara ɗauraye su da ruwan sanyi, don ruwan zafi yana kama jini ya zauna. A wanke da sabulu, sannan a ɗebi ma'auni ɗaya na wancan haɗin jabel a ƙara masa ruwa tara, a jiƙa su rabin awa, a ɗauraye, a shanya a rana. Ruwan wankin a zuba shi a masai, ban da tsakar gida ko lungu. Ledar haihuwa aikinta ɗaya ne: a naɗe ta da dattin a ciki a binne. Ƙona ta kusa da ɗakin mai jego hayaƙi ne mai cutarwa. Rezar ma a jefa ta masai.

Inda ƙungiya ta shigo

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, abin da asusu ya koya mana shi ne ƙaramin zubi in ya ɗore yana ɗaukar babban kaya. Yawancin ƙungiyoyinmu suna da asusun taimako na rashin lafiya, rasuwa da suna. Kayan haihuwa ma su samu gurbi a ciki. Ƙungiya mai mata 25, in kowace ta ƙara dala goma a mako, cikin mako huɗu an tara jikka biyar. Da shi za a iya sayo leda a dunƙule a yayyanka, a sayo reza, sabulu da safar hannu a kan sari, a ɗaura wa kowace mai ciki ƙullinta da ta shiga wata bakwai.

Wata za ta ce a sayi leda ɗaya mai kyau ta riƙa zagayawa gida-gida don a rage kashe kuɗi. Kar a yi. Leda, reza, zare da safar hannu na mutum ɗaya ne, sau ɗaya. Abin da ƙungiya za ta iya mallaka tare shi ne fitila, bokiti da roba, su ma a wanke su da jabel duk bayan aiki.

Ƙullin kaya kuma ya tafi tare da shirin hanya. A rubuta lambar sajfam, ta ungozoma da ta mai mota ko amalanke a littafin ƙungiya da bayan karnen awo na kowace mai ciki. A ware kuɗin mai a hannun ma'ajiya, wanda za a iya karɓa ko ƙarfe biyun dare ba sai an jira ranar taro ba. A yi magana da maigida tun da sauran lokaci, ya bar izini cewa in abu ya taso ba ya nan a wuce da ita likita. Sau da yawa jiran izinin nan ne ke cinye awa biyun da ake da su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A taronku mai zuwa, bayan an rufe akwati, shugaba ta tambaya: mata nawa ne masu ciki a cikinmu, da ƴaƴanmu da surukanmu? Wa ta shiga wata bakwai? Ƙullinta ya haɗu? A rubuta sunayen, a sa wadda za ta bi kowace.

Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a samu, ya bar uwa da ɗanta.